Me ya sa nake ƙiba ko da na rage cin abinci?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa daga Maradi. Kin ce likita ya gano ƙananan ƙulli a ma'ajiyar ƙwanki, jinin al'adarki yana jinkiri, kuma jikinki yana ƙara nauyi duk da kin rage tuwo da fura. Wannan ba sakacinki ba ne. A wannan lalura jiki yakan ƙi sauraron sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, sai insulin ɗin ya yawaita a jini, ya tara kitse a ciki, ya kuma ƙara sinadarin maza wanda ke hana ƙwai fita, har gashi ya tsiro a haɓa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki yakan daidaita al'ada. Ki koma asibiti a auna miki sukari, kada ki sha maganin rage ƙiba na kasuwa.