Amsa ga Malam mai jiran ƙarin girma

Malam, ka ce shekara 8 kana kujera ɗaya a ofis, kana tambaya ko akwai abin koyi ga yaran da suka koma makaranta. Akwai mana. Yaro ba ya jin kunyar ɗaga hannu ya ce bai gane ba, mu kuwa girman kai ke hana mu tambayar ƙaramin ma'aikaci yadda ake lissafi da manhajar kwamfuta ta Excel. Kuma kowane zango yaro na karɓar sakamako, ya san inda ya gaza. Je ka sami ogan naka, ka roƙe shi ya faɗa maka gaskiyar aikinka, ko da ɗaci. In takarda ce matsalar, NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, na da cibiyoyi a Kano da Kaduna, ana karatu ba a bar aiki ba.