Amsa kan 'yan takarar kwamitin bitar ƙaramar hukuma a Montana

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce takardar ƙuri'arka ta zaɓen 5 ga Nuwamba 2024 ta iso ka a jihar Montana ta Amurka, ka ga jerin sunayen masu neman shiga kwamitin bitar tsarin ƙaramar hukuma, babu alamar jam'iyya a gaban sunan kowa. Kana tambaya ko kansiloli ne, kuma ta yaya za ka gane wanda ya cancanta.

Ba kansiloli ba ne. Ba za su gyara titi ba, ba za su rage kuɗin ruwa ba, ba za su ɗauki ɗan sanda ko ɗaya aiki ba. Aikinsu shi ne su zauna kusan shekara biyu su duba yadda aka ƙera gwamnatin garin ko ta gundumar: wa ke riƙe da iko, wa ke naɗa wa, mutum nawa ne a majalisa, ta wace hanya ake zaɓensu, shekara nawa suke yi. In sun ga da gyara, sai su rubuta shi su kawo wa jama'a a kaɗa ƙuri'a. Su da kansu ba su da ikon canza ko harafi ɗaya. Duk ɗan takarar da bai fahimci wannan ba, ka tsallake sunansa, komai daɗin bakinsa.

Abin yana ba mu wuyar ganewa ne saboda a gida Najeriya, tun gyaran 1976, ƙananan hukumomi siffa ɗaya gare su: ciyaman da kansiloli, ko'ina ka je cikin 774 ɗin nan. Montana ba haka take ba. Kundin tsarin mulkin jihar na 1972, a babi na 11 sashe na 9, ya ba mutanen kowane gari da kowace gunduma damar sake duba irin gwamnatin da suke so. An yi zagayen farko daga 1974 zuwa 1976, kuma wannan karon dole ne aka yi wa kowa. Bayan gyaran 1978 sai ya koma tambaya: duk shekara 10 a tambayi masu zaɓe ko suna son a yi bitar. An yi a 1984, 1994, 2004, 2014, sai 2024 a zaɓen share fage na 4 ga Yuni. Tunda ka ga sunaye a takardarka, to mutanen yankinku sun ce e a watan Yuni. In a cikin birni kake zaune, kana iya ganin jeri biyu, na birnin da na gundumar, domin kai ɗan dukansu ne. Kwamitoci ne daban, kowanne da kuɗinsa da aikinsa.

Kada ka ɗauka wasan yara ne. Daga zagayen farko ne birnin Butte ya haɗe da gundumar Silver Bow suka zama gwamnati ɗaya a 1977, haka Anaconda da gundumar Deer Lodge. Ƙaramin garin Walkerville da ke gefen Butte ya ƙi shiga, har yau da gwamnatinsa. Birnin Bozeman kuma ya samu kundinsa na yanzu, wato kundin tsarin mulkin garin, a 2006, bayan bitar da aka fara a 2004.

Shiga takarar ba ta da wahala, shi ya sa jerin ke tara kowane irin mutum. Mai rajistar zaɓe da ke zaune a yankin zai cike takardar neman tsayawa a ofishin zaɓe na gunduma, ba a biyan ko sisi, kuma an rufe karɓa ranar 12 ga Agusta. Babu zaɓen fid da gwani, waɗanda suka fi yawan ƙuri'a su ne suka ci. Zaɓaɓɓun jami'an gwamnatin da za a bincika ba sa tsayawa. Yawan membobi mara ne, uku ko biyar ko bakwai, bai gaza uku ba, kuma tun a tambayar Yuni aka faɗi adadin. Majalisar garin tana naɗa mutum guda daga jami'anta ko ma'aikatanta ya zauna da su, yana magana amma ba ya ƙuri'a. Ka duba takardarka da kyau: za a rubuta mutum nawa za ka iya zaɓa. In ka wuce adadin, ƙuri'arka ta wannan gurbin ta lalace. In ka zaɓi ƙasa da adadin babu laifi, kuma ni a ganina gara ka zaɓi biyu da ka sani da ka cike gurabe da sunayen da suka yi maka kyau a ido.

Albashi babu. Abin da mutum ya kashe a kan aikin kawai ake mayar masa. Kuɗin kwamitin kuwa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, kuma an rubuta shi a tambayar Yuni, ko dai a adadin daloli ko a ma'aunin da suke kira mil, wato dala ɗaya a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar haraji. Gidan zama da aka yi wa kuɗi dala 400,000, ƙimarsa ta haraji a 2024 kashi 1.35 cikin ɗari ce, dala 5,400 ke nan, mil ɗaya a kansa dala 5 da santi 40. Da kuɗin ake buga rahoto, a aika wa gidaje takardu, a ɗauki mai rubuta bayanan taro, a biya lauya ko masani in an buƙata.

Yanzu ga inda za ka auna mutum. Dokar jihar ta shimfiɗa siffofi shida na gwamnati. Akwai majalisa da magajin gari zaɓaɓɓe mai riƙe da zartarwa. Akwai majalisa da manaja, inda majalisar ke ɗaukar ƙwararre ya gudanar da ma'aikata, ta kuma sallame shi in ta ga dama. Akwai ta kwamishinoni zalla, wadda yawancin gundumomi 56 na jihar ke kai: mutum uku, wa'adin shekara shida, su ne masu yin doka su ne masu zartarwa, a gefensu kuma sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da ma'aji da lauyan gunduma da magatakarda kowa jama'a suka zaɓe shi, babu mai ba wani umarni. Akwai wadda majalisa ke zaɓar ɗaya daga cikinta ya zama shugaba. Akwai taron gari, na garuruwan da ba su kai mutum 2,000 ba, wanda garin Pinesdale ke bi. Ta shida ita ce gari ya rubuta kundinsa da kansa. Ɗan takarar da ba zai iya gaya maka wacce garinku ke kai yanzu ba, bai shirya ba.

Maganar kundi ita ce ta fi rikita 'yan takara, kuma a nan ake yawan yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Gari mai iko na gama-gari ba ya yin abu sai doka ta ba shi izini. Gari mai ikon cin gashin kai, wanda kundi ke kawowa, yana iya yin duk abin da kundin jiha ko doka ko kundinsa bai hana ba. Bambancin babba ne, amma dokar jiha ta jera abubuwan da ta hana. Ba ya ƙirƙiro harajin kuɗin shiga ko harajin saye da sayarwa sai majalisar jiha ta ba da dama, ba ya taɓa tsarin makarantun gwamnati, kotuna ma ba a hannunsa suke ba. Saboda haka in wani ya ce maka da kundi za a sa wa masu yawon buɗe ido haraji a sauke wa masu gidaje nauyi, ka tambaye shi wace doka ce ta ba shi. Harajin da garuruwan West Yellowstone da Whitefish ke karɓa daga baƙi wata doka ce daban ta garuruwan shaƙatawa, da sharuɗɗanta, ba ta hanyar wannan kwamitin ake samunsa ba.

Tambayar da ta fi tona asirin ɗan takara ita ce: wace matsala ka gani, kuma wane sashe na tsarin ne ya jawo ta? Ɗauki Bozeman. Kwamishinoni biyar ne a majalisar garin har da magajin gari, duk garin ke zaɓensu gaba ɗaya, manaja ke tafiyar da ma'aikata, kuma wanda aka zaɓa magajin gari sai ya yi shekara biyu a matsayin mataimaki kafin ya hau kujerar na shekara biyu. Mutumin da ya san aikin zai ce maka: unguwannin da suka bunƙasa kwanan nan ba su da mai magana da yawunsu, don haka a duba raba garin zuwa mazaɓu, amma a sani cewa mazaɓa na iya sa kowa ya riƙa kare unguwarsa ya manta da garin. Ko ya ce: mutum ya ci zaɓe da wani alkawari, sai ya jira shekara biyu, kafin nan al'amura sun canza, shin jiran koyon aiki ne ko ɓata lokaci? Wannan amsa ce. Wanda ya ce maka kuɗin haya ya yi yawa, gaskiya ya faɗa, amma kujerar majalisa ya kamata ya nema. Wanda kuma duk maganarsa a kan manajan yanzu ce ko wani kwamishina da ya ɓata masa rai, ka yi hattara da shi. Mutanen nan za su tafi, tsarin da aka rubuta don hukunta su zai daɗe a kan waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Na fi tsoron wanda ya riga ya yanke hukunci tun kafin zama na farko, ko na canji ko na barin komai yadda yake. Doka ta tsara aikin ne a kan sauraro. Cikin kwana 10 da kammala zaɓen membobi za su yi zaman farko su fitar da shugaba. Cikin kwana 90 su buga jadawalin aikinsu. Sai zaman jin ra'ayin jama'a, sai rahoton wucin gadi, sai wani zaman a kan rahoton, kafin na ƙarshe. Tsakanin waɗannan akwai aikin da ba a gani: karanta kasafin kuɗi, zama da shugabannin sassa ɗaya bayan ɗaya, tambayar tsofaffin kwamishinoni inda abu ke maƙalewa, kwatanta garin da takwarorinsa. Cibiyar ƙananan hukumomi ta Jami'ar Jihar Montana da ke Bozeman tana horar da sabbin membobi. Ka tambayi ɗan takara ko zai je, kuma ko ya taɓa zama a taron majalisar garin daga farko har ƙarshe.

Inda kwamitoci ke faɗuwa sananne ne. Na farko, cusa komai cikin tambaya ɗaya. A takardar ƙuri'a mai zaɓe zai ga zaɓi biyu ne, sabon tsari ko wanda ake kai. In an haɗa ɗaukar manaja da ƙara yawan kwamishinoni da mayar da ma'aji ko magatakarda muƙamin naɗi, duk wanda ya ƙi ɗaya daga ciki zai ƙi duka, kuma a gundumomin karkara ƙwace wa mutane zaɓen jami'an da suka saba zaɓa yana tara abokan gaba nan da nan. Doka ta yarda a ware wasu ƙananan tambayoyi daban, kamar zaɓe da jam'iyya ko babu jam'iyya, mazaɓu ko gari gaba ɗaya. Ɗan takarar da ya san da wannan ya yi karatunsa. Kuma faɗuwa tana da tsada, domin bayan an kaɗa ƙuri'a a kan canza tsari, sai an yi shekara uku kafin a sake kawo maganar.

Na biyu, yin shiru shekara ɗaya da rabi sannan a fito da takarda mai shafi da yawa ana saura makonni. Abin da mutane ba su gane ba, a'a suke ce masa. Na uku, karya dokar buɗaɗɗen taro ba da sani ba. Kundin jihar ya ba jama'a 'yancin sani da 'yancin sa baki, kuma rinjayen membobi in suka tattauna aikin, ko ta waya ko ta intanet, taro ne da ya wajaba a sanar. A kwamitin mutum uku, biyu su yi magana a kan rahoto a wajen ajiye motoci ma matsala ce. Na huɗu, manta da shirin miƙa mulki: yaushe za a zaɓi sabbin jami'ai, me zai faru da masu ci, nawa sabon tsarin zai ci a shekara. Na biyar, gajiya. Wasu suna shiga da zafi, zuwa damina ta biyu kujerarsu babu kowa.

Kwamiti yana da damar cewa tsarin ya yi, ba a bukatar canji, ya kuma rubuta wa majalisa shawarwarin gyaran aiki a rahoto na daban. Wannan ba gazawa ba ce in an yi binciken da gaske. Wanda bai yarda da rinjaye ba yana iya rubuta nasa ra'ayin a lika shi a rahoton ƙarshe. In akwai shawarar canji, za ta zo gabanku a ƙuri'a, kuma ba za ta wuce babban zaɓen Nuwamba 2026 ba.

Don sanin mutanen, nemi jerin a ofishin zaɓe na gunduma, ka karanta amsoshin da jaridar garin ta tattara, ka je taron da ake tara 'yan takara a ɗakin karatu ko zauren gari. Yawancinsu ba su da kuɗin kamfe, kiran waya ko saƙo ɗaya za su amsa maka da kansu. Ka yi ƙoƙarin haɗa mutane masu bambanci a zaɓinka: wanda ya san cikin ofis, da wanda ya san wahalar tsayawa a bakin kantar ofis ɗin, da wanda ya iya rubutu mai tsabta, domin kundi kalma ɗaya ke kai shi kotu.

Ga 'yan'uwanmu da ke karanta wannan a can: ƙuri'a da takara na ɗan ƙasa ne kawai. Mai katin zama kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, laifi ne da zai iya rusa masa neman zama ɗan ƙasa. Amma zaman kwamitin a buɗe yake ga kowa, yana iya zuwa ya tashi ya yi magana. Kai kuma Malam, in sha'awar shiga ta zo maka, takarar 2024 ta wuce, tambaya ta gaba sai 2034. Sai dai in 'yan takara ba su cika adadin ba, ko wani memba ya ajiye aiki a tsakiya, majalisar garin ce ke naɗa wanda zai cike gurbin, don haka ka kai sunanka ofishin magatakardan gari tun yanzu.