Amsa: Ƙanena mai zane ya tafi Zariya ko ya zauna a Katsina?

Malam, tambayarka ita ce ko ƙanenka ya nemi karatun zane a jami'a, ko ya ci gaba da rubuta allunan shaguna a nan Katsina. Ya tafi Zariya, in dai ya samu gurbi. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ba na yau ba ne. Tun a 1958, kafin makarantar ta zama jami'a, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a can. Dubi Farfesa Jerry Buhari, ɗan jihar Kaduna: a sashen ya yi karatu, a can kuma ya koyar, ana kuma baje ayyukansa har ƙasashen waje.

Sharaɗi ɗaya ne: kada ya raina aikin allon nan, domin shi zai riƙa saya masa fenti da buroshi. Masu biyan kuɗin kirki a kan zane suna Legas da Abuja. A garin nan, abin da na gani, gidaje da yawa ba sa rataya hoton mai rai a falo, amma ka zana hasumiyar Gobarau da jan ƙasarta, ko Ƙofar Soro, ko aya da kyakkyawan rubutu, sai ka ga Alhaji ya tsaya yana tambayar farashi. Dawakan hawan sallah kuwa, ofisoshi da otal-otal ke ɗauka. Ka kuma gaya masa ya rufe ɗaki da hunturu, don fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, ƙura na manne masa.