Tambaya da Amsa: Me ya sa ake cewa "baskets" amma ba a cewa "sheeps"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Funtuwa ne, shekarata 22, ina zaune da kawuna a Legas, muna sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Ni nake rubuta masa rasit. Kwanan baya wata mata da ke saye wa wani otal a Ikeja kaya ta dawo mana da rasit, ta ja layi a ƙarƙashin "10 basket of tomatos" da "5 bag of onion", ta ce akantansu ba zai karɓa ba. Na ji kunya ƙwarai a gaban kawu. Tun daga ranar na koma liƙa s a kan kowace kalma, sai kuma aka ce mini "sheeps" da "rices" kuskure ne. Don Allah Malam, ina ƙa'idar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa kawu buɗi. Wannan tambaya taka kusan kowane mako sai ta taso a ajin yamma da nake koyarwa a Zangon Agege, inda mafi yawan ɗalibaina 'yan kasuwa ne da direbobi da masu gadi.

Da farko ka kwantar da hankalinka. Tun kana ƙarami kake cewa akuya da awaki, saniya da shanu, tunkiya da tumaki, doki da dawakai, mace da mata, kare da karnuka, littafi da littattafai, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya karanta maka ƙa'ida. Jam'in Hausa ya fi na Turanci rassa nesa ba kusa ba. Turanci babbar hanya ɗaya gare shi, sai 'yan tsirarun kalmomi da suka kauce mata. Idan ka taɓa karatun nahawu a zaure, ka riga ka san rabon: akwai jam'us salim irin muslim da muslimun, inda aka ƙara wa kalma jela kawai, akwai kuma jam'ut taksir irin kitab da kutub, inda aka karya cikinta. Turanci ma haka yake.

Amma kuskurenka na farko ba daga rashin sanin ƙa'ida ya fito ba, daga Hausa ya fito. Mu idan muka ambaci adadi ba lallai mu jam'anta suna ba. Muna cewa buhu goma, kwando biyar, kwana uku, shekara ashirin. Adadin ya riga ya gaya mana suna da yawa, to me za a maimaita? Sai hannunka ya bi abin da bakinka ya saba, ya rubuta "10 basket". Turanci bai yarda da wannan ba. Da zarar abu ya wuce ɗaya, sai sunan ya nuna, ko da adadin na tsaye a gabansa: ten baskets, five bags, three crates. A ganina wannan shi ne rabin matsalar Bahaushe da jam'in Turanci. Zaman Legas kuma ba ya taimakawa, domin Burokan da ake ciniki da shi a kasuwa shi ma yakan bar suna a tilonsa. Kana jin "ten bag" sau ɗari a rana, sai kunne ya ɗauka daidai ne.

Akwai kuma nauyin baki. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa muka mai da bucket ta zama bokiti. Baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma, kamar a baskets, sukan yi mana nauyi, sai mu haɗiye na ƙarshen. Abin da baki ya haɗiye kuwa, biro ma yakan manta da shi. Don haka ka riƙa furtawa da ƙarfi: a baskets ana jin s, a bags da onions z ake ji, a boxes kuwa ana ƙara gaɓa guda, kamar "iz".

Ga babbar hanyar. Ƙara s kawai: carton, cartons. Idan kalmar ta ƙare da s, sh, x, z, ko ch mai sautin c ɗinmu, ƙara es: bus, buses, box, boxes, bunch, bunches. Idan ta ƙare da y kuma baƙi ne a gabanta, y ta koma ies: lorry, lorries. Idan wasali ne a gabanta, bar ta yadda take: tray, trays, key, keys. Wasu masu f ko fe a ƙarshe sukan koma ves: knife, knives; leaf, leaves; thief, thieves. Burodin Agege guda ɗaya loaf ne, biyu loaves. Amma chief da roof ba su bi sahu ba, chiefs da roofs ake rubutawa.

Masu o a ƙarshe su suka kama ka. Tomatoes da potatoes dole da es. Kilos, photos da radios kuwa s kawai. Mango an yarda da duka biyun, mangoes ko mangos. Tunda tumatir da dankali su ne abincinka, waɗannan biyun ka haddace su yau ɗin nan.

Karyayyun ba su da yawa: man da men, woman da women, foot da feet, tooth da teeth, mouse da mice, child da children, ox da oxen. Ragowar tsohon Turanci ne, daga lokacin da harshen yake da hanyoyin jam'i da yawa kamar namu, kafin s ta mamaye kusan komai. Sun tsira ne saboda kalmomi ne na yau da kullum da baki ba ya gajiya da faɗa. Ka lura da women: a rubuce o ce, amma "wimin" ake furtawa. Kuma children ta riga ta zama jam'i, kada ka ƙara mata s.

Sheep kuwa ba ta canzawa, ɗaya sheep, ɗari ma sheep. Amma rago ram ne, jam'insa rams, don haka 'yan uwanmu na Alaba Rago suna da ikon saka s ɗinsu. Akwai wani dattijo a ajina, dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba. Wata rana ya fito gaban allo ya rubuta "cattles" da manyan haruffa, ya ajiye alli yana kaɗe hannu. Na ce masa, Baba, a Hausa za ka iya cewa shanu ɗaya? Ya yi shiru kaɗan, ya ce a'a Malam, sai dai sa ɗaya ko saniya ɗaya. Na ce to cattle ita ce shanu, jam'i ce tun asali. Da kansa ya sa yatsa ya goge s ɗin, kuma bai sake kuskurenta ba. People da police ma haka suke.

"Rices" ɗinka wani babi ne dabam. Shinkafa, gishiri, mai da kuɗi, Turanci ba ya ƙirga su, mazubinsu yake ƙirgawa: two bags of rice, four gallons of oil. S ɗin tana kan buhu, ba ta kan shinkafa. Mu ma ai mudu uku na gero muke cewa. Furniture, equipment, luggage, advice da information duk suna wannan layi. Za ka ga "furnitures" da "equipments" a allunan shaguna daga Ketu har Ikorodu, amma mai duba takardar WAEC ja zai sa musu. Wake kuwa akasin haka ne, beans ake rubutawa da s: a bag of beans. Naira ba ta ɗaukar s, haka hundred da thousand idan adadi ya gabace su: five thousand naira.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kada ka sa wannan ɗan waƙafi na sama kafin s idan jam'i kake nufi. Tomato's mallaka take nunawa, ba yawa ba.

Ka samu kwali, ka rubuta kayan da kuke sayarwa, tilo a hagu jam'i a dama, ka liƙa a cikin bangon littafin rasit. Da wuya su wuce kalma 30. Rasit ɗin da aka dawo maka da shi kuwa, ga yadda za ka sake rubuta shi: 10 baskets of tomatoes, 5 bags of onions. Ka gaida mini da kawu.