Gashin karen Spaniel: a aske ko a taje?

Tambaya: Ina da kare nau'in Cocker Spaniel, shekararsa ɗaya da rabi. Gashinsa ya cukurkuɗe a bayan kunnuwa da hammata, ga zafin bazara. Mai aski ya ce a aske shi tas. In yarda, ko in sayi injin aski in riƙa yi masa da kaina? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda da askin tas sai in babu makawa. Gashin nan yana kare fatarsa daga rana, kuma wanda ya sake tsirowa bayan irin wannan aski yakan fito da laushi kamar auduga, ya fi na da saurin dunƙulewa. Abin da ya dace shi ne a rage tsayi, a bar masa abin da zai rufe fata.

Kafin injin aski, ki fara sayen mataji na ƙarfe mai gefe biyu, ɗaya mai faɗin haƙora, ɗaya mai matsattsu, da buroshi mai siraran wayoyi. Buroshi kaɗai yana yaudarar mutane da yawa, domin saman gashi yake gyarawa, ƙulli yana nan kwance a jikin fata. Ki ɗaga gashin da hannu ɗaya har ki ga fata, ki taje layi-layi daga ƙasa zuwa sama. Inda matajin ƙarfe ya wuce bai tsaya ba, nan an gama. Sau uku ko huɗu a mako, minti 10 zuwa 15, ya wadatar. Wuraren da za ki fi dubawa su ne bayan kunne, hammata, ƙirji, cinya da tsakanin yatsu. In yana shiga ciyawa bayan damina, ki duba shi ranar da ya dawo, domin ƙarangiya guda ɗaya kan tara gashi ta zama ƙulli cikin kwana biyu.

Ƙullin da ya riga ya manne da fata, kada ki sa masa almakashi. Fatar kan shige cikin ƙullin, a nan ake yawan yanka karnuka, musamman a gindin kunne. Injin aski ake zurawa ta ƙarƙashinsa da haƙori (wato bakin injin da ke yanka gashi) mai lamba 10, wanda ke barin kusan milimita 1.5. Wannan lamba ita ce ta tafin ƙafa da cikin faifan kunne. Ga gadon baya, lamba 4F tana barin kusan milimita 9, 7F kuma milimita 3. Injin askin karnuka na kamfanin Andis, Wahl ko Oster mai haƙoran da ake canzawa ya fi na askin mutane, wanda ke cijewa a gashin kare. Haƙorin yana ɗaukar zafi da sauri, don haka ki riƙa ɗora shi a bayan hannunki lokaci-lokaci. In kuɗin irin wannan inji ya yi yawa, kai karen wurin gwani duk mako 6 zuwa 8 ya fi sayen inji mai araha.

Tambaya: Da wane sabulu zan yi masa wanka? Kuma kunnensa yana wari, yana yawan girgiza kai. Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, shamfu na karnuka za ka saya. Na mutane da omon wanki suna busar da fatar kare, su jawo ƙaiƙayi. Wanka sau ɗaya duk mako 4 zuwa 6 ya isa, kuma a taje kafin a jiƙa, domin ruwa ƙara ɗaure ƙulli yake. A ɗauraye har ruwan ya fito garau, a busar har jikin fata da tawul ko iska mai ɗumi kaɗan. Da hunturu a fesa ɗan man laushin gashi na karnuka kafin tajewa, don kada gashin ya kakkarye.

Maganar kunne ta fi ta sabulu nauyi. Kunnen Spaniel dogo ne, yana rufe ramin, iska ba ta shiga, danshi ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Wari da girgiza kai alama ce ta ciwo ya riga ya kama, saboda haka likitan dabbobi ne zai duba kafin a ɗiga komai, domin in dodon kunne ya fashe wasu magungunan kan kurmantar da kare. Bayan ya warke, ka rage gashin cikin faifan kunne, ka goge da ruwan wanke kunne na karnuka da auduga sau ɗaya a mako, iya inda yatsa ya kai. Kada ka zura tsinken auduga, datti yake turawa ciki.

Yayin tajewa ka lalubi kaska, tana son ɓuya a kunne da tsakanin yatsu. Cikin magungunan kaska, ƙwayar NexGard wata ɗaya take aiki, Bravecto mako 12, kuma gwargwadon nauyin kare ake bayarwa, don haka ka auna shi kafin ka saya. Maganin feshin gona da kananzir ba su da wuri a jikin kare, suna iya kashe shi.