Filin Tambaya: Ina so in koma Nima da keken ɗinkina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ni tela ne a Fagge, ɗinkin maza nake da aikin wuya. Abokina dake Akra ta ƙasar Gana ya dameni wai in tattaro in taho unguwar Nima akwai kasuwa sosai, har ina tunanin saida shagona in yi kuɗin mota da na haya. Dan Allah ya wajen yake, kuma ya kake gani? Ɗanka daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Maganar farko karka saida shagon nan tukuna, dan Allah karka saida.

Abokinka bai maka ƙarya ba, Nima zango ce babba a tsakiyar Akra, maƙwabciyar Mamobi da Kanda, tun shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu filin a hannun ƙabilar Ga 'yan asalin Akra aka fara zama, yau kuwa ba ƙabilar da babu, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Dagomba da Kotokoli da Mosi, kuma Hausa ce ke haɗa su a ciniki, kaga kenan harshe ba zai baka wahala ba sai dai Hausarsu ta ɗan sha bamban da ta Kano. Da safe ga koko da ƙosai ga wake da shinkafa, ran Laraba kasuwa ta cika maƙil, ga babban masallacin ƙasa nan kusa a Kanda wanda Turkiyya ta taimaka aka gina aka buɗe a 2021. Aikin wuya irin namu kuwa ana sonshi musamman gab da sallah.

Amma inda nake jiye maka shine haya. Unguwar a cunkushe take, gidajen haya ne na tsakar gida ɗaya, ɗaki ɗaya iyali guda, da yawa ma ba bayi a ciki sai na kuɗi a waje, in damina tayi kuma na kusa da babbar kwata basa barci da ido biyu. Duk da haka masu gida kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda a karɓa, to in kuɗin shagonka ya tafi a ɗaki da me zaka sayi zare da yadi?

Sai maganar takardu, wannan ita samarinmu suke rainawa kuma tana min ciwo. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta baka ba biza, bayan nan sai da izinin zama. Kuma dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, akanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a Akra a 2019 da 2020.

Shawarata ka bar ƙaninka ko amintaccen yaronka a shago, ka tafi da fasfo da katin rigakafin cutar shawara wata biyu kafin azumi, ka sauka wajen abokin naka, a kaika ka gaida sarkin zango da limamin unguwa su sanka, sannan ka zauna a shagon wani tela ɗan ƙasa kuna raba kuɗin aiki. Bayan sallah ka lissafa abinda ya rage maka a sidi, kuɗin Gana, bayan ci da haya da kuɗin mota, ka kwatanta da na Fagge, sai ka sake rubuto min.