Kwanon buɗa-baki a ƙasar ƙanƙara

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai. Ka tambaye ni ko ya dace ka riƙa kai wa maƙwabtanka kwanon buɗa-baki kamar yadda ake yi a gida, tunda a Kanada ba a ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa sai da dalili. Ka kai, ni ma na kai.

A watan Janairun 1998 ina karatu a birnin Montiriyal na Kanada, azumi bai kai goma ba, sai aka shiga wani irin ruwa wanda yake sauka a matsayin ruwa, amma da ya taɓa reshe ko waya sai ya daskare. Kwana biyar ana yi, har kaurin ƙanƙarar ya kusa santimita 10 a wasu wurare, manyan turakun lantarki na ƙarfe kimanin 1,000 suka durƙushe, gwamnati ta fito da sojoji fiye da 15,000. Ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne, amma a can wutar ce take ɗumama ɗaki, saboda haka rashinta batun rai ne.

Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu wadda na kai wa ƙosai sau biyu a farkon azumin, ta karɓa tana kallona kamar na ɓata hanya. Daren da wuta ta tafi, ita ce ta hawo da kyandir a hannu ta ce in ɗauko bargona, tana da murhun itace. Mu tara muka kwana uku a falonta, muna jin rassan bishiyoyi suna karyewa a waje kamar harbin bindiga. A kan murhun nan na dama kunun gyaɗa da shinkafa da tunkuzar kwalba, kowa ya sha. Zuwa rana ta biyu ta riga ta gane lokacin shan ruwa, da ƙarfe huɗu da rabi ta yi sai ta nuna mini agogo ta miƙo shayi. Ban taɓa yin azumin da nake tunawa da daɗi kamar wannan ba.

Sai dai ka faɗa wa maƙwabtan naka abin da ke cikin abincin, domin wasunsu gyaɗa tana yi musu illa ƙwarai. Kada kuma ka sa ran kwanon zai dawo da wani abu a ciki kamar na gida. Nawa a wanke ya dawo, da 'yar takardar godiya.